Hancin Obadiah Tiller

A garinmu na Tillerton, idan aka ji Kawu Delbert ya ce "a bar mini wannan," mata sukan kwashe shanyarsu, maza kuma su leƙa su ga ko akwai mai a motar kwana-kwana. Ƙanin mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta. Da ya yi ritaya sai ya koma sayen kwabban tunawa da tarihi, irin waɗanda ake talla a talabijin da rana tsaka, ruwan zinare a waje, gwangwani a ciki. Yana da na sauka a wata, da na yaƙin basasa, da na shugabannin ƙasa a jere cikin allo mai gilashi. Tun da ya tara guda tamanin ya daina amsa sunan direba. Masanin kwabo ne yanzu.

Ni kuwa shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da ɗakin karatun garin, kuma a can Kwabon Obadiah yake zaune, cikin akwatin gilashi. Na tagulla ne, faɗinsa kamar murfin kwalbar zuma. An buga shi a 1876, shekarar da ƙasa ta cika ɗari, garinmu kuma hamsin. Gefe ɗaya ƙararrawar 'yanci, ɗaya gefen fuskar Obadiah Tiller wanda ya kafa garin, gemu har ƙirji, da dogon hanci mai ƙugiya. Hotonsa na fenti ya ƙone tare da tsohuwar kotu, 'yan'uwan kwabon kuma duk sun ɓace. Duk mai son ganin kamannin mutumin nan, sai dai ya zo wurina. Tsufa ya sa kwabon ya yi baƙi ƙirin, kuma haka ake so. Ba a wanke tsohon kwabo. Baƙin nan shi ne martabarsa, duk mai tara kwabbai ya san wannan tun ranar farko.

Saura mako biyu kafin huɗu ga Yuli, ranar da garin zai cika shekara ɗari biyu, kwamitin biki ya zauna. Na kawo shawara a rubuce: a kai kwabon wani kamfanin buga lambobi, su ɗauki siffarsa, su bugo mana sababbi ɗari uku, ko da ba za su iso ba sai bayan biki. Ban gama karantawa ba Kawu ya miƙe.

"Kamfani? Ina raye? Corinne, 'yar nan, kamfanin nan me suka sani da ban sani ba? Narka ƙarfe ne da zubawa. A garejina zan yi ɗari ukun, kuma ran biki kowa zai riƙe nasa a hannu. A bar mini wannan."

Orville Kemp, tsohon ma'aikacin gidan waya, maƙwabcinsa ne, kuma tun suna firamare ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya ce, "Farfesa, ba kai ka gyara agogon coci ba? Har yau ƙarfe uku yake bugawa sau goma sha ɗaya."

"Agogon ne tsoho, kai ma haka. Yi mana shiru, tsohon kan sarki."

Magajiyar gari, Misis Gladys Renner, kalma biyu kawai ta ji, "ran biki." Aka ɗaga hannu, huɗu da ɗaya. Ni ce ɗayar. Har Orville ya ɗaga masa. Da na tambaye shi dalili ya ce rabonsa da kallon abin dariya tun da aka rufe silima.

Na miƙa wa Kawu kwabon cikin auduga, da farar safar hannu, da takarda mai ƙa'idoji uku. Ba a taɓa shi da hannu tsirara. Ba a jiƙa shi. Ba a goge shi da komai. Na ja layi biyu a ƙarƙashin ta ukun. Ya karanta, ya kaɗa kai, ya ce ai kusan shi ya ƙirƙiro waɗannan ƙa'idojin. Daga baya na ga takardar a gareji, an ɗora mata kofin kofi.

Abin da ya faru a garejin nan, rabi daga bakin matarsa Anti Verna na ji, rabi daga Orville, wanda ya kafa kujera a jikin shinge da laima da kwalbar ruwan sanyi.

Ranar farko Kawu ya tattara darmar ƙugiyar kamun kifinsa ya narka a tukunyar miya. Yana so ya gwada hannunsa, sai ya shiga kicin ya ɗauko hatimin katakon Anti Verna. Wannan hatimin kakarta ce ta zo da shi daga Jamus. Da shi take danna ado a kan biskit ɗinta na biki, irin mai taurin nan da ake gasawa a rufe a gwangwani mako biyu kafin a ci. Kawu ya tsiyaya masa narkakkiyar darma. Katakon ya yi hayaƙi, ya zama gawayi.

Anti Verna ta tsaya a ƙofar gareji, hannu duk fulawa.

"Delbert, ina hatimina?"

"Ya ba da ransa saboda tarihi, Verna."

"Kwaɓi na jirana a tebur. Biskit ɗari da ashirin. Da me zan danna?"

"Ki danna da cokali mai yatsu, wa zai duba? Ci za a yi."

Ta kaɗe fulawar hannunta. Sannan ta ce, "To. Je ka sayo filastarka, zan sami wani abin."

Da ya dawo daga shago ya tarar da wani farin abu a cikin gemun Obadiah. Ya ɗaga kwabon ya nuna wa Orville ta saman shinge.

"Ka gani? Tsohuwar fumfuna. Shekara ɗari da hamsin tana cin mutumin nan, Corinne na zaune tana buga hatimi a littattafai."

"Ni dai kamar fulawa nake gani."

"Kai da ka yi shekara ashirin kana kai wa matacce wasiƙa, me kake gani?"

Ya kwaɓa filasta, ya danna kwabon, ya fitar da mazubi. Gaskiya, in ji Orville, mazubin ya yi kyau, har gashin gemu ya fito. Abin da ya rage shi ne a bar shi ya bushe kwana biyu. Kawu ya ba shi minti arba'in. Ya ce filasta tana gane hannun gwani. Ya sunkuya, ya zuba narkakkiyar darma a jiƙaƙƙen mazubi.

Ni daga ɗakin karatu na ji ƙarar. Kafin in isa, motar kwana-kwana ta riga ni, don sun ajiye ta a bakin layin tun ranar da kwamiti ya zauna. Mazubin ya tarwatse, tagar gareji ta tafi, labule na ci da wuta. Kawu ya fito cikin hayaƙi yana tari, fuskarsa sumul kamar ƙwai. Girarsa biyu, masu kauri kamar burushin takalmi, babu ko gashi ɗaya.

"Kawu, kwabon fa?"

"Ba ki tambayi kawunki ba sai kwabo?" Ya zaro shi daga aljihun riga, da hannu tsirara. Lafiyarsa ƙalau. "Gwaji ne, kuma ya yi nasara. Yanzu na san inda matsalar take."

"Mazubin ne bai bushe ba."

"Datti ne. Dattin jikin kwabon ne ya shiga filastar ya yi faɗa da darma. Kimiyya ce, Corinne, ba a koyar da ita a makarantar jera littattafai."

Na ce, "Kawu, ƙa'ida ta uku."

"Wa ya ce zan goge shi? Ɗan shafawa kawai."

Na wuce ofishin Magajiya kai tsaye. Na tarar da ita tana waya biyu a lokaci ɗaya, ɗaya da 'yan badujala, ɗaya da mai kawo masara. Na yi bayani daki-daki. Ta rufe bakin wayar ta ce, "Kwamiti ya yanke, Corinne, yana hannunsa har ran biki. Kuma Delbert ya ce komai na tafiya fiye da yadda aka tsara." Ta ƙara da cewa ta gayyato wata Dakta Haviland daga babban birnin jiha, ƙwararriya a kan tsofaffin kwabbai, ta zo ta yi jawabi a kan namu.

Shafawar ta fara da miyar tumatir ta kwalba, wadda ake zubawa a kan soyayyen dankali. Kawu ya ji wani a talabijin ya ce tana sa tagulla ƙyalli. Ya tsoma Obadiah a ciki, ya je cin abincin rana. Da ya dawo, baƙin shekara ɗari da hamsin ya tafi, wanda ya kafa garinmu ya koma ja-ja kamar jaririn da aka haifa yanzu.

Orville ya ce, "Kunya ce ta kama shi. Ya ga wanda ke riƙe da shi."

Don ya kashe jan, Kawu ya sa lemon tsami da gishiri. Washegari Obadiah ya wayi gari kore shar. Don ya kashe koren, ya sa man goge baki da burushin Anti Verna. Koren ya tafi a kumatu ya zauna a gemu, kuma yanzu mutumin yana ƙamshin na'a-na'a.

"Farfesa, ka bar shi haka. Aƙalla bakinsa ba ya wari."

"Za ka ga aiki. Hannu ne ya yi masa kaɗan, inji yake so."

Ya kunna injin da yake wasa wuƙar yankan ciyawa da shi. Ya ce taɓawa ɗaya zai yi, kamar sumba. Injin ya fizge kwabon daga hannunsa, ya harba shi ta tagar da babu gilashi, ya tsallake shinge, ya huda laimar Orville, ya faɗa cikin kwalbar ruwansa. Orville ya tsamo shi da cokali, ya sa tabarau, ya juya shi sama da ƙasa.

"Delbert."

"Ya yi ƙyalli, ko?"

"Ya yi. Ina hancin?"

Babu hanci. Babu ido ɗaya, babu rabin gemu. Inda fuska take a da, sai fili mai sheƙi kamar bayan cokali.

Da na zo da yamma Kawu ya tare ƙofar gareji da jikinsa.

"Ba a ganinsa yau. Yana hutawa."

"Kwabo ne, Kawu."

"Shi ya sa ba ki iya da shi ba. Ba ki san halinsa ba."

Kwana huɗu na zo, kwana huɗu yana hutawa. Orville ya ƙi gaya mini komai, ya ce ba zai ɓata mini ƙarshen fim ba. Abin da kawai ya ce shi ne ya ga Kawu ya kwance madubin gefen motarsa ya shiga da shi gareji, tare da guduma da ƙusoshi, kuma tun daga nan ake jin ƙwas-ƙwas. Sai daga baya na fahimci lissafin Kawu. Ana bukatar fuskar dattijo mai kwarjini, mai kamannin wanda zai iya kafa gari. Ya duba ko'ina a Tillerton, bai sami irin wannan fuskar ba sai a madubi.

Ran huɗu ga Yuli rana ta buɗe tas. Aka yi fareti, 'yan badujala suka busa, aka gasa nama da masara a dandali. Anti Verna ta kafa teburinta kusa da dandamali ta buɗe gwangwanayen biskit, mutane na ɗauka suna jefawa a baki ko suna tsomawa a kofi, idonsu na kan fareti. Ni ban kusanci teburin ba, hankalina na kan dandamali.

Ƙarfe biyu Magajiya ta kira Kawu. Ya hau dandamali da jar riga da hula mai taurari, ya zana gira biyu da jagirar Anti Verna, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya yi minti ashirin yana magana. Ya ce kamfani wata uku suka nema, shi kwana goma sha uku. Ya ce ya karɓi kwabon nan baƙi kamar gindin tukunya, yau zai mayar wa gari da kakansa fes. Sannan aka zaga da bokiti biyu, kowa ya ɗauki nasa kwabon na darma da Kawu ya zubo daga siffar gyararren kwabon, shi kuma ya yaye ƙyallen da ya rufe na ainihin.

Mutum ɗari uku suka dubi tafin hannunsu, suka ɗago suka dubi dandamali, suka sake duban hannunsu.

Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Ashe Obadiah ba shi da gira?"

"Ga ma tusar jakin nan a gefen hanci," in ji wani.

Orville ya miƙe a kan kujerarsa. "Jama'a, ku gaida wanda ya kafa garinmu! Shekara ɗari biyu, kuma har yanzu bai iya fakin ba!"

Dariya ta ɓarke har mai busa ƙaho ya zauna a ƙasa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Kamanni ne na jini! An daɗe ana cewa danginmu da na Tiller..."

"Kakanka daga jirgin ƙasa ya faɗo a garin nan, kuma ba da tikiti ba!" in ji Orville.

Dakta Haviland ba ta yi dariya ba. 'Yar siririyar mace ce mai furfura. Ta fara da cewa a mayar da na darmar cikin bokiti, kowa ya wanke hannu, kada wanda ya kai baki. Sannan ta sa gilashinta a ido ta sunkuya a kan na ainihin. Ta daɗe. Can ta ɗago.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni ne, Dakta," in ji Kawu, ya gyara hula. "Mataki huɗu. In kina so in rubuta miki."

"Shekara talatin ina wannan aiki. Na ga wanda aka huda, na ga wanda jirgin ƙasa ya taka. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa sabon kai ba." Ta juyo gare ni. "Ke ce mai kula da shi? Akwai siffarsa a wani wuri?"

Na ce ina da hotuna arba'in da biyu, kowanne da kwanan wata.

"Hoton baƙin kwabo ba ya nuna tudun hanci. Ina nufin abin da aka danna shi a ciki. Kakin zuma, yumɓu, filasta. In akwai ko ɗaya, za a iya sake bugo fuskar daidai. In babu, mutumin ya tafi ke nan."

Filastar ta tarwatse tare da girar Kawu. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji muryar Anti Verna daga teburinta, a natse kamar mai tambayar farashin ƙwai.

"Kwaɓin fulawa zai yi?"

Kowa ya juya.

"Ya ƙona mini hatimi, ya ce in danna da cokali mai yatsu. Da ya tafi shago sai na ari Obadiah. Ɗari da ashirin na danna. Ya fito da kyau kuwa, har ƙugiyar hancin."

Dakta Haviland ta dira daga dandamali kamar yarinya. "Ina suke?"

Anti Verna ta kifa gwangwani na farko. Gari ya zubo. Na biyu, na uku, haka. Mutane suka fara taɓa cikinsu. Magajiya ta goge bakinta a hankali.

Orville ya ce, "Wayyo. Ni Obadiah uku na ci."

"Ɗaya ya rage a faranti yanzun nan," in ji Anti Verna. "Wa ya ɗauka?"

Duk wanda ya san Kawu ya san in aka ƙure shi, ci yake yi. Tun da aka fara dariya ya sulale daga dandamali ya raɓa jikin teburin. Ga shi nan tsaye, ido a zare, biskit na ƙarshe rabi a cikin bakinsa, haƙora sun riga sun kama.

Mutum ɗari uku suka yi ihu tare, "Kada ka ciza!"

Ya daskare. Na zaro farar safata daga jaka na sa, yatsa bayan yatsa, na taka zuwa gabansa. Ban ɗaga murya ba.

"Kawu, kalle ni. Kada ka tauna. Kada ka haɗiye yawu. Kada ka yi magana."

"Mmm mm mmm," in ji shi.

"Na san a bar maka. Ba za a bar maka ba. Buɗe baki a hankali."

Ya buɗe. Biskit ɗin bai motsa ba. Mako biyu ya yi a gwangwani, ya yi taurin da Orville ya taɓa tokare ƙafar tebur da irinsa, kuma haƙoran Kawu na sama sun nutse a gefensa sun maƙale. Na kama da yatsa biyu na ja kaɗan. Na ƙara ja. Sai ga shi ya fito, tare da haƙoran roba na sama gaba ɗaya, suna riƙe da shi gam.

Haka na ratsa dandali, hannu biyu a gaba, mutane na darewa, 'yan badujala kuma ban san wa ya ba su umarni ba suka ɗauki taken ƙasa. Dakta Haviland ta sa gilashinta. Ga Obadiah kwance a cikin fulawa da sukari, gemu har ƙirji, hanci da ƙugiyarsa, babu abin da ya taɓa shi. Haƙoran a baki-baki suka tsaya.

"Zai yi," in ji ta. "Amma ba za a cire haƙoran ba sai an ɗauki siffa, kada ya tsage."

Kawu ya yi mako uku yana shan miya da dakakken dankali. Mako ukun nan Orville yakan leƙo ta shinge kowace safiya ya ce masa ya ce "Tillerton."

Sababbin kwabban sun iso a watan Oktoba, na tagulla, guda ɗari uku. Fuskar Obadiah ce sak. A gefen kowanne, sama da kansa, akwai 'yan ramuka huɗu a jere, don kamfanin sun ɗauki siffar yadda suka same ta. Biskit ɗin yana cikin akwatin gilashi a ɗakin karatu, kusa da tsohon kwabon mai fuskar Kawu, mabuɗin kuma a wuyana yake kwana. Na buga sabuwar takarda na manna: ba a taɓawa, ba a gogewa, ba a ci.

Kowace Asabar Kawu yakan sa jar rigarsa ya zo ya tsaya a jikin akwatin, yana jiran baƙi. Makon jiya na ji shi yana nuna wa wasu mata biyu ramukan nan huɗu da ɗan yatsa.

"Sa hannuna ke nan. Mutum ɗari uku ne a dandalin nan ranar, har da Magajiya, har da wancan tsohon kan sarkin, kowa ya samu Obadiah ya tauna ya haɗiye. Mutum ɗaya ne ya kama shi ya riƙe." Ya bugi ƙirji. "Ku tambayi 'yar nan in ƙarya nake."

Suka juyo suna kallona. Na duba maganar daga farko har ƙarshe, ban sami inda zan gyara ba. Na ce haka aka yi, sannan na roƙe shi ya ɗauke gwiwar hannunsa daga kan gilashin.